KIWON LAFIYA: BALAN-BALAN NA RAGE ƘIBA DA LARURORIN DA KE BIYO BAYANSA

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta bayyana cewa a shekarar 2022 mutum 1 cikin kowane mutum 8 na duniya yana fama da ƙibar da ta wuce kima, kuma manya kaɗai da ke cikin wannan hali sun kai kimanin miliyan 890. A da can, a ƙasar Hausa da maƙwabtanta, ana ɗaukar ƙiba alamar wadata da kwanciyar hankali. Yau kuwa likitoci sun tabbatar da cewa ita ce ke share hanya ga ciwon sukari, da hawan jini, da ciwon zuciya, da ciwon gwiwa. Saboda haka ne masu hali da yawa suka shiga neman hanyar rage jiki, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin da ake yi musu talla ita ce sa balan-balan a cikin tumbi, abin da Faransawa ke kira « ballon gastrique ».

Masu tallar suna cewa aiki ne na minti 20 zuwa 30, babu yanka, babu ɗinki, mutum ya koma masaukinsa a ranar. Haka ne, amma maganar ba ta ƙare a nan ba. Sa balan-balan abu ne mai sauƙi. Wahalar tana cikin watannin da zai yi zaune a cikin mutum, domin a cikinsu ne larura ke tasowa, wata ƙarama wadda haƙuri da magani ke kawar da ita, wata babba wadda jinkirin yini guda ke iya mai da ita ajali. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Wannan baƙo ma yana da ranar tafiya, kuma wajibi ne mai masaukin ya san ranar, ya kuma san alamun da ke nuna cewa a sallame shi tun kafin ta zo.

YADDA ABIN YAKE

Balan-balan ɗin jaka ce ta roba mai laushi, galibi ta silikon. Likita yana sa ta a nannaɗe ta baki, ta bi maƙogwaro ta sauka cikin tumbi, yana kallon aikin da wata na'ura mai kama da siririn tiyo mai fitila da ido a bakinsa. Wannan leƙen ciki shi ne ake kira fibroskopi. Idan jakar ta zauna, sai a ɗura mata ruwan gishiri tsakanin mililita 400 zuwa 700, wato kusan rabin lita, a zare tiyon, a bar ta tana yawo a cikin tumbi. Akwai irin da ake cikawa da iska. Akwai kuma irin da ake haɗiyewa kamar babbar ƙwayar magani ba tare da fibroskopi ba, wanda ke sacewa da kansa bayan kimanin sati 16, ya fita ta bayan gida.

Amfaninsa ta hanya biyu ne. Yana cinye wuri a cikin tumbi, mutum ya ƙoshi da abinci kaɗan. Yana kuma rage saurin da abinci ke barin tumbi, mutum ya daɗe bai ji yunwa ba. Wani babban nazari da ƙungiyar likitocin fibroskopi ta Amurka ta buga a 2015 ya nuna cewa masu balan-balan na ruwa suna rage kimanin kashi 13 cikin 100 na nauyinsu a cikin wata 6. Mai kilo 100 ke nan ya rage kilo 13.

Ba don kowa aka yi shi ba. Likitoci suna auna ƙiba ta hanyar raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita sau biyu. Misali, mai kilo 95 da tsawon mita 1 da santimita 65, awonsa ya kusa 35. A Amurka an amince da balan-balan ga wanda awonsa ke tsakanin 30 da 40, bayan ya gwada rage abinci da motsa jiki bai yi nasara ba.

DARASIN DA AKA KOYA TUN FARKO

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1982 wasu likitoci biyu na ƙasar Danmak, Nieben da Harboe, suka buga labarin gwajin da suka yi na sa balan-balan a tumbin masu ƙiba. A 1985 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wadda ake kira FDA, ta ba da izinin sayar da wani mai suna Garren-Edwards, wanda ake cikawa da iska. Ba a daɗe ba sai ƙorafi ya yi yawa: yana goge bangon tumbi ya bar gyambo, yana sacewa ya gangara ya toshe hanji, kuma da aka gwada shi da kyau sai aka ga ramar da yake sawa ba ta fi ta rage abinci kaɗai ba sosai. Kafin ƙarshen shekarun 1980 aka daina amfani da shi.

A 1987 masana suka taru a garin Tarpon Springs na jihar Fulorida, suka tsara sharuɗɗan balan-balan na ƙwarai: ya zama mai santsi, ba shi da kaifin gefe, a cika shi da ruwa, ya zama mai ƙwari, kuma a sa masa alamar da hoton radiyo zai iya nunawa. A bisa waɗannan sharuɗɗa aka ƙera wanda aka fi sani a duniya, wanda ya fito a farkon shekarun 1990 da sunan BIB, daga baya aka mai da shi Orbera. An daɗe ana amfani da shi a Turai da Kudancin Amurka kafin FDA ta amince da shi a 2015. Na yanzu sun fi na farko aminci nesa ba kusa ba, amma larurorin da aka gani tun wancan zamani ba su ɓace ba, raguwa kawai suka yi.

WANDA BAI KAMATA A SA WA BA

Maganin larura na farko shi ne kada a sa balan-balan ga wanda jikinsa ba zai ɗauka ba. A sahun gaba akwai duk wanda aka taɓa yi wa aikin fiɗa a tumbi. A 2005 likitocin ƙasar Italiya sun buga sakamakon mutum 2515 da aka sa wa balan-balan. Mutum 5 daga cikinsu tumbinsu ya ɓule, kuma 4 cikin waɗannan 5 an taɓa yi musu fiɗa a tumbi. Biyu sun rasu. Tumbin da ke da tsohon ɗinki ba ya jure matsin jakar ruwa.

Haka kuma ba a sa wa mai gyambon tumbi da bai warke ba, ko wanda wani babban sashe na tumbinsa ya zarce sama zuwa ƙirji, ko mace mai ciki ko mai shayarwa, ko mai ciwon hanta mai tsanani, ko wanda jininsa ba ya daskarewa da wuri, ko mashayin giya. Wanda ba zai iya rabuwa da magungunan ciwon jiki masu cin tumbi ba, shi ma ba a sa masa. Na ƙarshe, wanda kuma aka fi mantawa da shi, shi ne mutumin da ba zai samu damar komawa wurin likita a kai a kai ba. Ɓoye wa likita ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa don kada a hana mutum aikin, cutar kai ce.

KWANAKIN FARKO

Tumbi ba ya karɓar baƙon cikin sauƙi. Daga ranar farko zuwa ta uku, wani lokaci har sati guda, yana ta ƙoƙarin turo shi waje. Tashin zuciya, da amai, da murɗar ciki, da ƙwannafi, kusan kowa yana ɗanɗanarsu a wannan lokaci. Shi ya sa likita ke rubuta magunguna tun kafin a yi aikin: na hana amai irin su ondansetron, da na kwantar da murɗar ciki, da na rage tsamin tumbi irin su omeprazol. Wannan na ƙarshe ana shan sa kullum har ranar da za a cire balan-balan, ko da mutum ba ya jin komai.

A waɗannan kwanaki abin sha kawai ake ba mutum, kurɓi kaɗan kaɗan, daga safe har dare: ruwa, da romo maras mai, da kunu mai ruwa-ruwa. Bayan kimanin sati guda a koma abinci mai laushi, sa'an nan a hankali a dawo ga abincin yau da kullum, ana ci kaɗan, ana taunawa sosai. Lemon kwalba mai iska, da barkono mai yawa, da soye-soye suna ƙara wahala. Kada a kwanta sai an yi awa 2 da cin abinci, a kuma ɗaga kai da matashi. Shan ruwa bayan abinci yana wanke abin da ya maƙale a jikin balan-balan, wanda shi ne ke kawo gyatsa mai wari.

Haɗarin wannan lokaci shi ne ƙarewar ruwan jiki. Mai amai yana zubar da ruwa da gishirin jiki, musamman potasiyom, wanda ƙarancinsa ke rikita bugun zuciya. Idan abin ya daɗe, ƙoda tana iya tsayawa. Amai na makonni yana kuma ƙarar da bitamin B1, abin da ke taɓa ƙwaƙwalwa da idanu da tafiya, shi ya sa ake ba mai irin wannan amai bitamin ɗin kafin a ɗaura masa ruwa mai sukari. A ƙasa irin Nijar, inda zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40 a Tawa da Maradi da Yamai, ruwan jiki yana ƙarewa da sauri ƙwarai. Wanda ya yi yini guda ruwa ba ya zama a cikinsa, ko fitsarinsa ya ragu ya yi duhu, ko jiri ke ɗibar sa idan ya miƙe, to asibiti ya kamata ya nufa, a yi masa ƙarin ruwa ta jijiya, a auna jininsa.

Wasu kuwa jikinsu ba ya sabawa ko an yi duk wannan. Nazarin nan na 2015 ya nuna cewa kimanin mutum 7 cikin 100 ana cire musu balan-balan kafin lokacinsa. Wannan ba abin kunya ba ne. Wanda ya dage a kan cewa ya biya kuɗi masu yawa, don haka sai ya jure, yana iya biyan abin da ya fi kuɗi.

GYAMBO DA ƁULEWAR TUMBI

Balan-balan yana gugar bangon tumbi dare da rana. A wurin da matsi ya yi yawa, jini ba ya gudana sosai, sai gyambo ya fito. Kimanin mutum 2 cikin 100 ke samun wannan. Abu biyu ke ƙara haɗarin: barin shan maganin rage tsami, da shan magungunan ciwon jiki irin su asfirin, da ibuprofan, da diklofenak. Waɗannan kuwa su ne masu tallar magani ke sayarwa a kasuwa da tashar mota, kuma mutane da yawa suna haɗiyarsu don ciwon kai ko gajiya ba tare da sun san sunansu ba. Mai balan-balan ya nisanci duk ƙwayar da bai san ta ba. Idan ciwon kai ya dame shi, parasetamol ya isa. Akwai kuma wata ƙwayar cuta mai zama a tumbi, mai suna Helicobacter pylori, wadda ke da yawa ƙwarai a Afirka. Likitoci da dama suna neman ta, su yi maganinta kafin su sa balan-balan.

Alamun gyambo su ne zafi ko raɗaɗi a saman ciki wanda ya dawo bayan an riga an samu sauƙi, da aman jini ko amai mai kama da garin gahawa, da bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta. Maganinsa a leƙa cikin, a tsai da jinin idan yana zuba, a cire balan-balan, a ci gaba da maganin tsami har gyambon ya warke.

Idan gyambo ya ci bangon tumbi har ya ɓule, abin da ke ciki yana kwarara cikin ramin ciki. Wannan yana samun kimanin mutum 1 cikin 1000, kuma shi ne mafi muni. Ciwo ne mai zuwa farat ɗaya, mai tsanani, ciki ya ƙage kamar katako, zuciya ta yi ta bugawa da sauri, gumi ya karyo, zazzaɓi ya biyo baya. A nan ba a ba mutum ruwa, ko jiƙo, ko kanwa, ko wani abu ta baki. A kai shi asibitin da ke da likitan fiɗa nan take, domin sai an fitar da balan-balan, an ɗinke ɓular, an wanke cikin.

IDAN YA SACE

Tsamin tumbi yana cin robar a hankali. Wannan shi ne dalilin da ya sa kowane iri ke da wa'adinsa: Orbera na asali wata 6, wasu irin har wata 12. Idan ya huje, ruwan gishirin ba ya cutarwa, jiki yana shanye shi. Jakar da ta sace ita ce matsala, domin ta zama ƙarama, tana iya wucewa ta ƙofar tumbi ta shiga hanji. Kimanin mutum 14 cikin 1000 abin ke faruwa da su. Sau da yawa tana fita da kanta ta bayan gida, amma a kimanin mutum 3 cikin 1000 tana tsayawa a ƙaramin hanji ta toshe shi.

Don a gane da wuri, likitoci a ƙasashe da yawa suna zuba wani shuɗin magani, « bleu de méthylène », a cikin ruwan balan-balan. Idan ya huje, shuɗin yana bin jini ya fita ta ƙoda, fitsari ya koma kore ko shuɗi. Wanda ya ga haka kada ya jira ciwo. Ya nemi likita a ranar, domin muddin jakar tana cikin tumbi, ana iya ɗauko ta ta baki cikin sauƙi. Sai dai ba kowane balan-balan ake sa wa shuɗi ba. Wata alamar ita ce yunwa ta dawo kwatsam, mutum ya ga yana cinye abin da a makon jiya ba ya iya rabinsa.

Idan hanji ya toshe, ciki yana kumbura, murɗa tana zuwa tana tafiya, amai ya yi ta zuwa, bayan gida da iska su tsaya. Hoton radiyo ko na sikana yana nuna inda jakar take. Wani lokaci ana kai gare ta da doguwar na'urar leƙa ciki. Idan ba ta yiwu ba, sai a yi fiɗa, a tsaga hanjin a fitar da ita. Shan maganin zawo ko jiƙon wanke ciki a wannan hali yana ƙara ta'azzara abin.

LARURORI BIYU DA AKA GANO DAGA BAYA

A watan Fabrairu na 2017 hukumar FDA ta aika wa likitoci takardar gargaɗi a kan abu biyu da ba a sa su a lissafi ba tun farko. Na ɗaya shi ne balan-balan ya ƙara kumbura da kansa, iska ko ruwa ya taru a cikinsa har ya fi girman da aka sa shi. An ga wannan tun kwana 9 bayan aikin. Ana zargin ƙwayoyin cuta da ke shiga ruwan su haifar da iska. Mutum yana jin ciki ya cika ya yi tauri, da ciwo, da amai, numfashi yana yi masa wuya. Hoton radiyo yana nuna jakar ta girma, iska a sama, ruwa a ƙasa. Magani ɗaya ne: a cire ta.

Na biyu shi ne kumburin wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, wadda likitoci ke kira pankiriyas, mai fitar da ruwan narkar da abinci da kuma insulin. Nauyin balan-balan yana iya danne ta. An ga wannan tun kwana 3 bayan aikin. Alamarsa ciwo mai tsanani a saman ciki wanda ke ratsawa zuwa baya, tare da amai. Awon jini na wani sinadari mai suna lipaz, idan ya ninka iyakarsa sau 3, yana tabbatar da shi. Ana kwantar da mutum, a yi masa ƙarin ruwa, a ba shi maganin ciwo, galibi kuma a cire balan-balan. Wahalar ita ce alamun nan biyu suna kama da wahalar kwanakin farko, har a ce wa mutum ya ƙara haƙuri. Abin lura shi ne wannan: wahalar sabo tana raguwa kullum, ciwon da ke ƙaruwa kuwa, ko wanda ya dawo bayan an samu lafiya, wani abu ne dabam.

A Afrilun 2020 hukumar ta ce rahoton mutuwar mutum 18 ya iso gare ta daga ƙasashen duniya tun 2015, a cikin masu balan-balan na ruwa iri biyu da ta amince da su. Adadin kaɗan ne idan aka gwada da dubban da aka sa wa. Likitocin ƙasar Barazil, da suka tattara sakamakon balan-balan sama da dubu 40 suka buga a 2018, sun sami larura a ƙasa da mutum 3 cikin 100. Amma ko irin da ake haɗiyewa bai kuɓuta ba. A Agustan 2024 hukumar kula da ingancin magunguna ta Faransa, ANSM, ta dakatar da sayar da balan-balan na kamfanin Allurion, saboda ƙaruwar rahotannin toshewar hanji da ɓulewar tumbi, da kuma ƙarancin bin lafiyar mutane bayan an sa musu. Sai a Fabrairun 2025 ta ɗage dakatarwar, bayan an tsaurara sharuɗɗa.

RANAR CIREWA

Cirewa ta fi sawa haɗari, domin abinci yana taruwa a gefen balan-balan. Idan aka sa mutum barci alhali tumbinsa ba wayam yake ba, abincin yana iya tasowa ya faɗa huhu. Saboda haka ake umurtar mutum ya koma abin sha kaɗai kwana 2 ko 3 kafin ranar, ya kuma bar cikinsa babu komai na kimanin awa 12. Likitoci da yawa suna sa tiyon numfashi a maƙogwaro don su tsare huhu. Sa'an nan a huda jakar da allura, a zuƙe ruwan duka, a kama ta da ɗan ƙarfe mai kama da hantsaki, a jawo ta a hankali don kada ta yaga hanyar abinci. Macen da ta samu ciki alhali tana da balan-balan ta sanar da likita da wuri. Galibi ana jira watanni ukun farko su wuce, sa'an nan a cire.

WANDA AKA SA WA A WAJE YA DAWO GIDA

Asibitocin kuɗi a ƙasashe irin su Tunisiya da Turkiyya suna karɓar baƙi don wannan aiki, su sallame su bayan ƴan kwanaki. Wanda ya je can daga Yamai ko Damagaram zai dawo da balan-balan a cikinsa, likitan da ya sa shi kuwa yana nisan dubban kilomita. Na'urar fibroskopi ba kowane asibiti ke da ita ba, sai a manyan birane. Saboda haka kafin a sayi tikitin jirgi, akwai tambayar da ta fi ta farashi muhimmanci: wane likita ne a gida ya yarda zai duba mutum, kuma wa zai cire balan-balan idan larura ta taso da dare?

Ya kamata mutum ya dawo da takarda, a rubuce da Faransanci, mai ɗauke da sunan balan-balan, da ranar da aka sa shi, da yawan ruwan da aka ɗura, da ko an sa shuɗi ko ba a sa ba, da ranar cirewa, da lambar wayar likitan. Takardar ta zauna a aljihu kamar katin ɗan ƙasa. Kuɗin cirewa da na tafiya a ware su tun farko, domin mutane da dama suna wuce wa'adi ne kawai don kuɗi sun yanke ko tafiya ba ta samu ba, kuma a cikin waɗannan watanni na ƙari ne jaka ta fi sacewa. Wanda azumi zai riske shi da balan-balan, musamman a makonnin farko, ya shawarci likita tukuna.

Wasu suna ɓoye wa iyalinsu aikin don jin nauyi. Wannan kuskure ne, domin idan mutum ya suma, na kusa da shi ne zai yi bayani. Aƙalla mutum ɗaya a gida ya sani, ya kuma san inda takardar take. Su ma ma'aikatan lafiya na CSI da asibitocin gunduma, idan mai ƙiba ya zo musu da amai da ciwon ciki bayan ya dawo daga tafiya, ya kyautu su tambaye shi ko an sa masa wani abu a tumbi, kafin su ɗora laifin a kan zazzaɓin cizon sauro ko taifot. Idan amsar i ce, kuma akwai ɗaya daga cikin alamun da aka ambata, a tura shi babban asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.

BAYAN BAƘO YA TAFI

Da zarar an cire balan-balan, tumbi yana komawa yadda yake, yunwa ma ta dawo. Binciken da aka yi a kan mutane shekaru bayan cirewa ya nuna cewa da yawansu suna mai da wani sashe na nauyin da suka rage, wasu ma duka. Waɗanda suka riƙe ramarsu su ne waɗanda suka yi amfani da watannin nan suka koyi cin abinci daidai kima, suka rage sukari a shayi da fura, suka rage mai a miya, suka saba da tafiya a ƙasa kullum. Shi ya sa ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka, a ƙa'idojin da ta fitar a 2021, ta ce a haɗa balan-balan da gyaran abinci da motsa jiki, a lokacin da yake ciki da kuma bayan an cire shi.

Ma'aikatan hukuma da waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci su ne jama'a ke zuwa wurinsu da takardun asibiti don a karanta musu, su ne kuma ake neman shawararsu kafin a yi tafiya neman magani. Abin da ya kamata su isar a taƙaice shi ne: amai da murɗa na kwanakin farko ana jure su da magani, muddin ruwa yana zama a ciki. Ciwo mai tsanani ko mai ƙaruwa, da kumburin ciki, da aman jini, da baƙin bayan gida, da koren fitsari, da zazzaɓi, da tsayawar bayan gida, ba a kwana da ko ɗaya daga cikinsu a gida. Ranar cirewa kuwa a rubuta ta inda ido zai riƙa gani, kada a ƙara mata ko sati guda sai da izinin likita.